Gwaggo Ba Ta Tashi Sai a Gangara

Tun ranar da ɗan Adam ya fara zuba fetur a inji, ba a yi mutumin da ya san kafireta kamar Dánjal na ƙauyenmu ba. Ba ni kaɗai nake faɗin haka ba, a tambayi kowa, daga bakin kwata, inda jiragen ruwa ke tsayawa, har gidan ƙarshe na kan tudu. Ko da ido a rufe yana iya lissafo maka kayan cikinta, daga allura har ɗan kwanon da mai ke taruwa, kamar yadda tsohuwa ke lissafa jikoki. Gaskiya ne kafireta ɗaya tak ya taɓa buɗewa a rayuwarsa. Gaskiya ne kuma motar da take ciki ba ta tashi da makulli. Amma ai shi ilimi zurfinsa ake dubawa, ba faɗinsa ba.

An haifi Dánjal a gidan da ke bakin kwata, wuri ɗaya tilo a tsibirinmu da za ka ajiye ƙwallo ka dawo ka same ta ba ta gangara ba. Ya tafi teku yana saurayi kamar kowane ɗan tsibiran Faro, ya yi shekaru yana jan kifi cikin ƙanƙara, ya dawo da ɗan yatsa guntu da ƙarancin magana. Da ubansa ya rasu ya gaji tumaki da rabon kiwo a kan dutse, sai ya ga tafiyar ƙafa ta ishe shi. Ya je Havn, babban birnin tsibiran, ya sayo wata tsohuwar jif koriya, wadda ta riga ta yi wa mutum biyu ko uku bauta kafin shi. Da turi aka sauke ta daga jirgin fito. Ina cikin waɗanda suka tura ranar, lokacin ina sabon malamin makaranta, bayana lafiya lau.

Wata mata mai suna Malan, mai kanti, 'yar kawun Dánjal, ita ta raɗa wa motar suna Gwaggo. Ta ce ba ta tashi sai an lallashe ta, in ta tashi kuma sai tari da mita. Sunan ya bi ta, har takardar haraji in ta zo cewa ake ta Gwaggo ce.

A yi mata adalci, in ta tashi babu kamarta. Ita kaɗai ke hawa har garken tumaki na kan dutse, ta keta taɓo da duwatsu kamar ana binta bashin hanya. Ita ke kwaso ciyawa, ita ke ɗauko rago mai taurin kai, ita ta kawo likita ranar da ƙanƙara ta rufe titi. Shi ya sa ciwonta ya zama na gari duka.

Ciwon kuwa ga shi. Ka murɗa makulli, inji ya yi gunji sau biyu kamar zai ce wani abu, sai ya fasa. Warin fetur ya cika unguwa. Ka ciro fulogi ka gan shi jiƙe sharkaf. Bayanin Dánjal shi ne allurar da ya kamata ta toshe mai in kwano ya cika ita ke maƙalewa, sai mai ya yi ta kwarara har inji ya ƙware, kamar jaririn da aka ɗura wa madara fiye da cikinsa. Ba kowa ya yarda ba. Absalon, abokinsa tun na ƙuruciya, wanda ya fi kowa baki a kwata, ya ce batir ne. Fasto ya ce gishirin teku ne ke cin wayoyi. Malan ta ce ita dai ta duba motar ba ta ga laifinta ba, a duba mai ita.

Kowace Asabar Dánjal yakan kwance kafiretar, ya baje ta a teburin cin abinci kan tsohuwar jarida, ya rarraba 'yan kusoshinta cikin farantan shayin marigayiya mahaifiyarsa. Ya wanke, ya hura ƙananan ƙofofinta da baki, ya ɗaga su wajen taga ya leƙa da ido ɗaya, ya girgiza ɗan abin da ke iyo a kwano kusa da kunnensa ya ji ko ya sha mai. Wanda ya taɓa cin dankali a gidansa ya san ɗanɗanon fetur. Da yamma ya haɗa ta ya mayar, ya fito yana goge hannu.

"To, likita, ta warke?" in ji Absalon.

"Allura ce."

"Makon jiya ma allura ce."

"Ita ce dai."

Magani ɗaya da bai taɓa ƙi ba shi ne gangara. Titi ɗaya gare mu, ya tashi daga kwata, ya wuce kanti, ya wuce coci, ya yi ta hawa har ya ƙare a ƙofar Marjun. Marjun saƙa take yi, rigunan sanyi na ulu da ake kaiwa Havn. Ba ta taɓa aure ba. Samarin zamaninta sun yarda tana da kyau, amma hawan ya yi yawa, kuma in ka kai sama kana haki za ka tarar da harshe yana jiranka.

A nan ba a kulle ƙofa, ba a kuma ƙwanƙwasawa, amma ba a shiga gidan mutum sai da uzuri. Ka zo aro, ko ka dawo da aro, ko ka ga tunkiyarsa tana ɗingishi. Akwai wata guduma da ke yawo gida gida tun ina yaro. Babu wanda ya san mai ita, babu kuma wanda ya taɓa buga ƙusa da ita. Namiji kuwa in ya shiga gidan macen da ba ta da miji ba tare da uzuri ba, ranar Lahadi fasto zai tare shi a bakin coci ya tambaye shi wace rana suka tsayar.

Dánjal ya hau da uzurinsa cikakke, mai taya huɗu.

"Marjun, zan riƙa ajiye Gwaggo a ƙofarki. Saboda gangara."

"Gangarar ba tawa ba ce, ta hukuma ce."

"To."

"Tunda ka hau, sha gahawa kafin ka sauka."

Daga nan rayuwarsa ta samu tsari. Da yamma ya hau da mota, ya juya ta hancinta ya dubi teku, ya sa mata dutse a gindin taya, ya shiga ya sha gahawa, ya gangara gida da ƙafa. Da safe ya hau da ƙafa, ya sha gahawa, ya ture dutsen, ya saki birki. Gwaggo ta silalo shiru kamar ɓarauniya, sai daidai coci ya saki kuloci, ta yi wata ƙara kamar an harba igwa, ta kama. Da wannan ƙara gari ke tashi. Ni kaina na daina ɗaura agogo.

Hirarsu ba asiri ba ce, don Rakul maƙwabciyar Marjun tana da kunne mai kyau da taga a wuri mai kyau.

"Ya mai jiki?"

"Allura ce."

"Har yanzu?"

"Har yanzu."

"Ƙara fanke."

Haka shekara ashirin da ɗoriya. Duk hunturu Dánjal yakan fito da sabuwar rigar ulu, Marjun ta ce ragowar zare ne ta rasa yadda za ta yi da shi. Ragowar kullum daidai kafaɗarsa take.

Gangara ta warware matsalar safiya, amma da rana dole Gwaggo ta tsaya a kwata, ko kanti, ko coci, inda gangarar ba ta isa ta tayar da ita ba. A nan mu muke shigowa. Babu namijin da ya girma a ƙauyen nan bai san sanyin ƙarfen bayanta a tafin hannunsa ba. Mun tura ta da kayan kamun kifi, mun tura ta da kwat ɗin Lahadi. Baƙo in ya sauka daga jirgi, kafin ya ajiye jakarsa an nuna masa inda zai dafa. Wani jami'in da aka aiko ya ƙidaya tumakinmu ya tura ta sau uku kafin ya ga tunkiya ko ɗaya. Absalon kullum a hagu yake, don ya samu damar zagin direba ta taga.

"Saki kuloci mana, tsoho, ko sai mun kai ka Danmak?"

"Ku ƙara kaɗan."

"Ƙara kaɗan a gidanku."

Ba mu taɓa ƙorafi na gaske ba. Amma shekaru sun tura mu yadda muka tura ta. Samari sun tafi Havn, mu da muka rage in mun sunkuya sai mun yi shawara kafin mu miƙe. Da Dánjal ya kusa cika sittin, ana neman kyautar da gari zai yi masa, Absalon ya tara mu a rumfar kifi ya ce ya samo. Tummas, injiniyan jirgin fito, zai iya odar sabuwar kafireta fil daga waje, ya ɗaura ta cikin rabin yini. Za a yi a ɓoye. Kowa ya ce wannan dabara ce ta manya. Mun yanke shawarar kada a gaya wa Malan, don ba ta riƙe sirri, kuma tunda an bar Malan sai aka bar mata duka. Ina cikin taron, da takardar shaidar karatuna da komai, na ɗaga hannu tare da kowa.

Allah ya taimake mu haƙorin Dánjal ya kumbura, ya tafi Havn kwana biyu a cire. Muka hau tudu bayan Tummas kamar masu rakiyar ango. Ya ɗaga bonet, ya sa sufana. Marjun ta fito da saƙarta a hannu ta tsaya a ƙofa.

"Me kuke yi mata?"

"Gyara, Marjun. Kyauta ce," in ji Absalon. "Daga yau an gama hawa da sauka. Ke ma kin huta da warin fetur a ƙofa."

"Ya sani?"

"In ya sani ai ba kyauta ba ce."

Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ƙirga raguna kafin yanka. Ta ce, "Sannunku da ƙoƙari." Ta koma ciki ta rufe ƙofa. Ba ta ba mu gahawa ba, abin da muka ɗauka rowa ce. Tummas ya naɗe tsohuwar kafiretar a tsumma ya jefa a bokitinsa.

Ranar bikin, wadda ita ce ranar da ya dawo, aka cika zauren gari da ke bakin kwata. An yanka busasshen naman tunkiya mai shekara guda a rataye, an soya kifi, an yi jawabai. Absalon ya yi nasa, rabi yabo rabi tsiya, ya ƙare da cewa akwai wata baƙuwa a waje tana son gaisawa da mai biki. Muka fito da Dánjal. Ga Gwaggo an gangaro da ita, an wanke ta, an ɗaura mata ƙyalle a madubi, tana tsaye a fili shimfiɗaɗɗe kamar faranti.

"Shiga ka murɗa makulli."

"Ba ta tashi a nan, kun sani."

"Murɗa dai."

"Bari in ɗan bubbuga kwanon tukuna."

"Ba za ka bubbuga komai ba. Murɗa, tsoho, nama yana hucewa."

Ya dubi hagu ya dubi dama, ko'ina fuskoki ne suna washe baki. Ya shiga. Ya murɗa. Gwaggo ta tashi tun kafin ya saki makullin, tana wani gurnani mai laushi irin na kyanwar da ta ƙoshi.

Abin da ya biyo baya ba a taɓa ganinsa ba tun shekarar da aka kawo mana lantarki. Huluna suka tashi sama, iska ta tafi da biyu. Absalon ya rungume fasto. Wani ya ce a kashe a sake, aka kashe aka sake, ta tashi. Aka ba fasto ya murɗa, ta tashi. Aka ba tsohuwar da ta fi kowa tsufa a gari, ta tashi. Muka kama hannun juna muka zagaye motar da rawa, muna buga ƙafa har tagogin zaure suna amsawa. Dánjal yana tsaye a gefe riƙe da hularsa, fuskarsa kamar ta wanda aka ce wa jirginsa ya nutse. Muka ce farin ciki ne ya yi masa yawa. Marjun ta ɗauki kwanon da ta kawo fanke, ta hau gida tun ba a yanka kek ba.

Ranar Gwaggo ta kwana a ƙofar mai ita. Washegari babu igwa, rabin gari ya makara, na tarar da 'yan makaranta suna jirana a waje.

Bayan kwana biyu Dánjal ya shigo kanti ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, yana jin batir ya fara rauni, wataƙila ya koma ajiye ta a sama. Kafin la'asar batir uku na jere a ƙofarsa. Ya ce fulogai ne, Tummas ya aiko da sababbi a jirgin washegari. Ya ce raɓar teku ce ke shiga wayoyi a nan ƙasa, sama ta fi bushewa. Ranar Asabar muka fito da katako da kwano muka gina wa Gwaggo ɗaki a jikin gidansa, har da ƙofa mai sakata. Mun ɗanɗana daɗin aikin alheri, kuma babu abin da ya fi wannan wuyar bari. Duk uzurin da ya ɗago kai, kafin ya miƙe mun kashe shi da taimako.

Ya fara ramewa. Rigar ulu ta fara yi masa yawa a kafaɗa. Da yamma za ka gan shi tsaye a kwata, hannu a aljihu, yana kallon teku da ƙeyarsa a juye wa tudu, irin kallon tekun da ba na mai neman kifi ba. Muka ce haƙorin ne.

Malan ce ta kira mu. Ta rufe kanti da rana tsaka, abin da ba ta yi ba ko ranar da mijinta ya karye, ta jera mu gaban kanta kamar 'yan aji ɗaya.

"Marjun ta sayi rabin gahawar da ta saba saye," in ji ta.

"Ko likita ne ya hana ta?" in ji Absalon.

"Jiya kuma ta ce in tara mata kwalaye. Ƙanwarta da ke Danmak shekara nawa tana kiranta ta koma can, tana cewa ba za ta iya barin gida ba. Yanzu ta iya. Jirgin fito na Juma'ar sama za ta bi." Ta dube ni. "Malam, kai da ka yi karatu, kai ma da kai aka yi?"

Na ce an yi ne bisa rinjayen ƙuri'a.

"Garken raguna. Wa ya ce muku ta lalace da za ku gyara? Mutum yana da hanya ɗaya da yake hawa tudu, kun bi kun toshe ta da kyauta."

Absalon ya cire hula ya sosa kai, ya ce to ai abu mai sauƙi ne, yadda aka gyara haka za a ɓata.

Farko aka nemi tsohuwar kafiretar, sai aka tarar an mayar da Tummas jirgin tsibiran kudu, da bokitinsa. Sai aka koma kan sabuwar. Tunda kowa yana jin kunyar abin, kowa ya tafi shi kaɗai, lokacin da Dánjal yake wajen tumaki. Absalon ya shiga ɗakin da muka gina ya ɗaure ɗan sukurun da ke daidaita mai. Bayan ya fita, mai kaɗa ƙararrawar coci ya shiga ya sassauta shi. Wani ya rage iskar taya, wani ya zo ya ga taya ta kwanta, halin kirki ya rinjaye shi ya buga mata iska. Absalon ya koma ya cusa safar ulu a bututun da take shaƙar iska. Da safe Gwaggo ta yi atishawa ɗaya, ta ci gaba da gurnani. Har yau ba a san inda safar ta shiga ba. A ƙarshen mako motar tana tafiya fiye da yadda ta taɓa yi, kuma ta rage shan mai.

Da dabara ta ƙare, Absalon ya bi gida gida ya gano inda guduma ta kwana, ya kai wa Dánjal a kwata.

"Ungo. Marjun tana nema."

Dánjal ya karɓa, ya juya ta a hannu, ya miƙa masa.

"Guduma sau ɗaya ce. Gobe fa?"

"Gobe ka je ka karɓo."

"Jibi fa?"

Absalon ya buɗe baki ya rufe. Na san shi shekara hamsin, ranar ce kaɗai na ga haka.

Ranar Alhamis ana yayyafi. Rakul ta aiko da labari cewa an ɗaure kwalaye da igiya, an sauke labule. Wajen la'asar ƙofar gidan bakin kwata ta buɗe, Dánjal ya fito sanye da kwat ɗin Lahadi. Kafin ya zare sakatar ɗakin Gwaggo, babu tagar da ba a ɗaga labulenta ba. Kowane gida a nan yana da madubin hangen nesa na duba tumaki a kan dutse, ranar babu wanda ya dubi tunkiya. Mu maza muka taru a bakin kanti muna karɓa-karɓa da na Malan.

Ya murɗa makulli, ta tashi. Ya wuce mu bai ɗaga hannu ba. Ya wuce coci. Ya hau a giyar farko, a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai. Da ya kai sama, inda shekara da shekaru yake karya sitiyari ya ja baya ya juya hancinta wajen teku, sai bai karya ba. Ya tafi kai tsaye ya tsaya, hancin Gwaggo yana kallon ƙofar Marjun, bayanta yana kallon gari duka.

"Ya manta bai juya ba," in ji Absalon.

"Ba ni madubina," in ji Malan. "Bai dace da kai ba."

Sauran daga bakin Rakul na ji. Ta fito shanya a cikin ruwan sama, don haka shaidarta abin dogaro ce. Ta ce Marjun ta buɗe ƙofa, ta dubi motar, ta dubi kwat.

"Ka ajiye ta ba daidai ba."

"Daidai na ajiye ta."

"Me ya lalace?"

"Babu."

"Batir?"

"Uku gare ni."

"Allura?"

"Sabuwa ce."

"To me ya kawo ka?"

Rakul ta ce ya dubi taya, ya dubi sama, ya dubi guntun yatsansa kamar ranar ya fara ganinsa. Ruwa yana ɗiga daga bakin hularsa.

"Babu komai, Marjun. Haka kawai na zo."

Rakul ta ce sai da ta shanya zanen gado biyu tana kasa kunne. Sannan Marjun ta ce, "Sa mata dutse a bayan taya. In ta koma da baya za ta je ta take fasto, kuma za mu buƙace shi."

Ya sa dutsen. Ya shiga. Hayaƙi ya tashi daga bututun murhu. A bakin kanti babu wanda ya yi ihu, mu ba mutanen ihu ba ne sai in mun yi kuskure. Absalon dai ya zauna a kan buhun dankali yana dariya har hawaye, yana cewa dama shi ya tsara abin tun farko, Malan tana dukansa da jarida.

Jirgin Juma'a ya tafi babu Marjun. Kwalayen ba su yi asara ba, da su aka kwashe kayan Dánjal aka hau da su sama, har da farantan shayin mahaifiyarsa, waɗanda Marjun ta wanke sau da yawa kafin ta yarda su shiga kabad. An ɗaura aure kafin Kirsimeti, aka yi rawa har ƙafa ta gaji. Da suka fito daga coci suka shiga Gwaggo, Dánjal ya kai hannu ga makulli, sai Absalon ya buga bonet ya ce kada ya kuskura. Muka dafa ta, tsofaffi da kwat da ciwon baya, muka tura amarya da ango har kusa da kanti, sannan ya saki kuloci. Ba ta yi ƙarar igwa ba, amma mun yafe mata.

Yanzu Dánjal ya haura saba'in. Ya sayar da rabin tumakin, ya yi ƙiba. Da safe har yau silalowa yake yi ba makulli, ya ce don kada batir ya gaji. Ɗakin da muka gina a kwata ya zama wurin shanya kifi. Absalon da sanda yake tafiya, ni kuma likitan Havn ya duba hoton ƙashin bayana ya tambaye ni ko dako na yi a ƙuruciya.

Bara waccan na haɗu da Tummas a jirgin kudu. Na daɗe ina son a samo tsohuwar kafiretar a ajiye ta a akwatin gilashi a makaranta, da ɗan rubutu a ƙasa, don yara su ga ƙarfen da ya gagari gwani shekara ashirin da ɗoriya, ya karya bayan gari guda, ya kuma haɗa aure. Na tambaye shi ko tana nan. Ya ce tana nan, amma ba zai bayar ba. Ranar da ya cire ta ya ɗaura ta a tasa tsohuwar jif, ko wankewa bai yi ba. Murɗa ɗaya take tashi.